Na Haddace Amsa, Ban San Dalili Ba

Duk likitan haƙori a Najeriya da ke son zama ƙwararre, ko a tiyatar baki da muƙamuƙi, ko a gyaran jerin haƙora, ko a haƙoran yara, sai ya bi ta ƙofa ɗaya: jarrabawar share fage da muke kira firamari. Ana rubuta ta a ƙarƙashin Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko kuma Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Ba kan ciko da cire haƙori take tsayawa ba. Ilimin tushe take tonowa: ginin jiki, aikin gaɓoɓi, yadda cuta ke cin nama, da yadda magani ke yawo a jini. Na faɗi wannan jarrabawa, kuma ba wanda ya kayar da ni sai ni kaina.

Da na gama hidimar ƙasa, wani abokin aiki ya ba ni damin tsofaffin tambayoyi. An yi ta buga fotokwafi a kan fotokwafi har baƙaƙen sun dusashe, kuma kowace tambaya akwai wanda ya ja wa amsarta layi da biro. Ban san ko waye shi ba, ban kuma tambaya ba. Na ture littattafai gefe, na duƙufa kan hadda daga asuba zuwa lokacin fita aiki. Har alfahari nake yi, ana karanto rabin tambaya zan cafke da amsa.

A zauren jarrabawa na gane ramin da na haƙa wa kaina. Ga batutuwan da na sani, amma an juya musu fuska. A damina an ja layi cewa jijiya ta biyar daga jijiyoyin kai ce ke ɗaukar ɗanɗano daga gaban harshe. Ashe mai biron ne ya yi kuskure, ni kuma na gaje shi. Ta biyar tana ɗaukar taɓi da zafi ne daga kashi biyu cikin uku na gaban harshe, ɗanɗano kuwa aikin wani reshe ne na jijiya ta bakwai, wanda ke haɗa hanya da ita. Da na taɓa zana taswirar da hannuna, da ban faɗa ba.

Wata tambayar ta kawo mara lafiyar da aka yi wa allurar kashe zafi a muƙamuƙin ƙasa, sai gefen fuskarsa ya saki, idonsa ya ƙi rufuwa. Sunan jijiyar na haddace, masu jarrabawar kuma ina allurar ta sauka suke nema. Amsar tana cikin ginin wurin: idan tsinin ya zarce baya bai taɓa ƙashi ba, maganin zai zuba cikin ƙullin yawu na gaban kunne, inda hangum ke kumbura, kuma ta cikinsa jijiya ta bakwai ke ratsawa ta rabu biyar. Wanda ya san haka ya san abin yi: ya kwantar wa mara lafiya hankali, ya rufe masa idon kada ya bushe, maganin zai sake shi bayan 'yan sa'o'i.

Da sakamako ya fito, na ɗora laifin kan rashin sa'a. Abin da ya farkar da ni a wurin aiki ya faru. Wani dattijo ya zo da dasashi a kumbure yana tsattsafar mugunya, na wanke masa, na rubuta Flagyl kamar yadda hannuna ya saba. Can sai ga mai ba da magani da takardar a hannu.

"Dakta, ka duba katin Baba kuwa? Wafarin fa yake sha."

Jikina ya yi sanyi. Wafarin maganin tsinka jini ne, hanta ce ke narkar da shi, Flagyl kuwa yana taka wa wannan aiki na hanta birki. Sai wafarin ya taru, jini ya tsinke fiye da kima, mutum ya kama zubar jini a ciki ko a waje. Tambayar tana cikin damina, na ma ci ta sau da yawa a ɗaki. Amma amsar da aka haddace ba dalili ba ta tashi ranar da ake bukatarta. Na canja maganin, na tura Baba gwajin INR mai auna tsinkewar jini, na ba shi haƙuri, na yi wa mai ba da maganin godiya.

Daga nan na sauya salon bita. Na koma littafi, tsofaffin tambayoyi suka zama ma'aunin abin da na karanta. Kowace tambaya sai na faɗi abin da ya sa amsar ta zama daidai, da abin da ya sa sauran suka kauce. Muka haɗu da wasu abokai, mutum ya tashi ya zana hanyar jijiya a allo, saura su yi ta tsikararsa da "me ya sa?" har sai ya kai tushe ko ya amsa bai sani ba. Da na sake zama, Allah ya ba ni sa'a.

Ga ƙannena masu shirin wannan jarrabawa: kada ku raina darussan da kuke ganin na likitocin jiki ne. Mai zama a kujerarku da hawan jininsa yake zuwa, da sugansa, da sikilarsa. Dasashin da ya yi tozo wataƙila nifedifin ɗin hawan jini ne ya jawo, ko fenitoyin na farfaɗiya. Tetarasaikilin da aka ba mai ciki ko ƙaramin yaro na iya rina haƙora har abada. Duk amsar da ba za ku iya bayyana wa na kusa da ku dalilinta ba, ku ɗauka ba ku san ta ba tukuna, ku koma littafi.