Gadon Ƙarfe da Daminar Gadarif

A Gadarif, in ba ruwa ake yi ba, tsakar gida ce ɗakin kwana. Kakanninmu da suka yada zango nan a hanyarsu ta Makka sun tarar da angarib, gadon katako mai saƙar igiya. Mu kuwa da na ƙarfe muka tashi, wanda gara ba ta ci, amma tsatsa ba ta raga masa.

Da can ban damu da tsatsa ba. Gado ya ruɓe, a jingine shi bayan ɗaki. Sai yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, Wad Madani ta faɗi a Disamba, 'yan'uwa suka cika mana gida. Sabon gado ya fi ƙarfin aljihu, ga tsofaffi ba a shimfiɗa musu a ƙasa. Dole muka koma kan waɗanda muka yasar.

Nan na gane daga ƙafa ciwon yake farawa. Ƙasarmu baƙar laka ce mai riƙe ruwa. Daga Yuni zuwa Oktoba ƙafar gado tana nutse a cikinta, danshi da iska suna cin ƙarfen. Ƙafar kuma bututu ce, ruwa na kwana a ciki, sai ta ruɓe ta ciki alhali waje lafiya lau. Bayan ƙafa sai wurin walda, sai ƙarƙashin igiya, inda ido ba ya kaiwa.

Aikin ba wuya, sai dai cin rai. A kwance igiyar duka, a kankare da burushin waya, a bi da sanfefa har ƙarfe ya yi fari. Inda ta kafe a jiƙa da ruwan lemun tsami, a wanke, a bar wa rana ta busar sarai. Sannan jan fentin nan na hana tsatsa, kafin mai launi. Masu shafa fenti kan tsatsa don Sallah ta matso, kuɗinsu suke zubarwa. Damina ɗaya zai ɓare.

Wata gwaggona ta dage sai an shafa man riɗi, tunda garin riɗi muke. Yana korar ruwa kam, amma ya yi danƙo ya kwashi ƙura, ya ɓata zanin gado. Na bar mata nata.

Gadaje huɗu muka ceto. Na biyar ƙafarsa ta riga ta zama gari, sai da mai walda ya yanke ya ƙara sabon bututu. Yanzu kowace ƙafa a kan guntun bulo take, kuma da hadari ya taso daga gabas, yara sun san aikinsu.