Musun Ranar Layya

Duk shekarar da Babbar Salla ta mayar da mu gida Nguru, da zarar an jera raguna a jikin wuta sai tsohon musun nan ya tashi a zauren mahaifinmu: wa Annabi Ibrahim ya kwantar zai yanka, Isma'ila ko Is'haƙa? Wani maƙwabcinmu Kirista, wanda iyayensa suka biyo layin dogon da ya iso garin a 1930, yakan ce sura ta 22 ta Littafin Farawa ta ambaci Ishaku ƙarara. Dattawa su ce faufau. Mu kuwa, da ɗokin sabon digiri, mun taɓa tsoma baki, muka ce ayoyi na 102 zuwa 107 na Suratus Saffati ba su kama sunan yaron ba, kuma Ɗabari, wanda ya rasu a 923, ga Is'haƙa ya karkata, sai irin su Ibn Kasir suka ƙarfafa Isma'ila bayan shekaru ɗaruruwa. Harara muka sha ranar, har rabon hanta ya tsallake mu.

Sai daga baya muka lura cewa musun suna ya ɗauke mana hankali daga wani bambancin da ya fi nauyi. A Farawa, yaron yana tafe da itace yana tambayar ina abin yankan, ba a shaida masa cewa shi ne ba. A Alƙur'ani kuwa, uban ya zayyana wa ɗansa mafarkin, ya nemi ra'ayinsa, kafin wuƙa ta fito. Annabi ne, umarnin kuma na Ubangiji, amma sai da ya tambaya.

Wannan ya tsaya mana a rai saboda ƙanenmu. Yana da shekara bakwai aka haɗa shi da wani malami zuwa Gashuwa, daga shi sai allo da ƙoƙo, mu aka ba mu ga boko. Babu wanda aka ji ta bakinsa a cikinmu. Ya haddace Alƙur'ani, yau kuma busasshen kifi yake sayarwa a kasuwa.

Wata layyar, muna gashi mu biyu, muka warware masa wannan fahimtar tamu, muna tsammanin ƙorafi. Ya daɗe yana juya naman.

"Yaya," ya ce, "da Baba ya tambaye ni, to zan ce masa. Amma da na so ya tambaya."

Ya miƙo mana hanta, ya koma gyara wuta.