Igiyar Hargi

Ranar wata Laraba cikin watan Nuwamba na shekarar 2023, bayan an tashi daga makarantar da nake koyarwa a nan Gusau, ina zaune gindin dogonyaro ina duba takardun gwaji, sai wani ɗalibina ya zo ya durƙusa ya miƙo mini wayar yayansa. Ya ce, "Malam, don Allah dubi wannan abin mamaki, wai bindiga ce ta kamun kifi."

Na karɓa na duba. Wani mutum ne sanye da baƙaƙen kayan roba, da gilashi a fuska, da wasu dogayen takalma kamar ƙafar agwagwa, ya nutse cikin teku, ruwan garau kamar madubi. Ya auna wani ƙaton kifi ya harba, sai siririn mashi na ƙarfe ya fita da igiya biye da shi. Kifin ya zabura ya yi ƙasa, wani ɗan gargare da ke manne a cikin bindigar ya shiga juyawa yana sakin igiya, shi kuwa mutumin ya taso sama abinsa ya shaƙi iska, bindigarsa na hannunsa. Yaron yana ta yaba girman kifin, ni kuwa idona bai bar kan igiyar nan ba, har sai da na ji ya ce, "Malam, lafiya?" Ashe hannuna ne ke rawa.

Ya kai mai karatu, kafin ka fahimci dalilin wannan rawar hannu sai na koma da kai baya kaɗan. An haife ni a shekarar 1982 a wani ƙauye da ke bakin gulbi a ƙasar Bunguɗu. Gulbin nan shi ne wanda ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya bi ta wajenmu, ya faɗa madatsar Bakolori, ya wuce Sakkwato ya haɗu da gulbin Rima, daga nan ya bi ta Argungu har ya zuba a Kwara. Mahaifinmu manomi ne da damina, masunci da kaka da rani. Yana da homa, yana da birgi, yana kuma kafa mamari, amma abin da aka san shi da shi a duk yankin shi ne sukar kifi da hargi. Dattawan garinmu kan ce tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978 manyan kifaye suka rage hawowa wajenmu, to amma duk da haka a ƙuruciyata, idan ruwa ya fara janyewa, akan sami ramboshi da tarwaɗa da yauni sun maƙale a gurabe masu zurfi, ƙarƙashin saiwoyin itatuwan da ruwa ya zaizaye.

Shi hargi mashi ne na su. Kansa ƙarfe ne mai kunnuwa da suka juya baya, yadda idan ya shiga tsoka ba ya fita. Akan cusa kan a ƙota doguwa ba tare da an ɗaure shi tamau ba, domin idan an soki kifi ƙotar ta cire ta yi iyo, kan ya tafi da kifin. Abin da ya haɗa masunci da kifinsa daga nan shi ne igiya. Tamu ta rama ce, Baba da kansa yake tufka ta, tsawonta gaba 12. Bakinta ɗaya na ɗaure a ƙarfen, ɗaya bakin kuma a wuyan wani ɗan goran duma da aka toshe bakinsa. Aikina tun ina ɗan shekara 8 shi ne riƙe tocila da naɗe igiya cikin ƙwarya, zobe a kan zobe, yadda idan kifi ya ja za ta warware ba ta sarƙe ba.

Abu biyu Baba ya koya mana waɗanda har gobe ina jin muryarsa yana faɗarsu. Na farko, "Inda kag ga kihi ba nan yake ba, soki ƙasa da nan." Sai bayan shekaru, sa'ad da na sami difloma ta koyarwa aka tura ni wata makaranta a Tsafe, na tsaya gaban allo da fensir cikin kofin ruwa ina yi wa yara bayanin yadda haske ke karyewa idan ya fito daga ruwa zuwa iska, har abin da ke ƙasa ya yi kamar ya taso sama, sannan na gane ilimin da na biya kuɗi na koya Baba ya riga ya ba ni shi kyauta a bakin gulbi. Na biyu kuwa, "Igiyag ga ba ta ɗauri ba ce, ta saki ce. Kihi ya ja, ka ba shi. Ya tsaya, ka jawo. In ta ƙare, saki gora ya bi shi, da sahe mu iske shi. Kak ka kuskura ka ɗaura ta ga jikinka, ko da wasa."

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, ni da Yaya wanda ya girme ni da shekara 7. Ya gaji hannun Baba, har mutane kan ce zai fi shi. Da kakar shekarar 1994, wata rana ya soki wani babban kifi, igiya ta ƙare, ya saki gora kamar yadda aka koya masa. Da safe muka yi ta nema cikin ciyawa da burugu, ba gora ba alamarsa. Ashe ƙarfen da ya tafi na kakanmu ne. Baba ya yi faɗa irin wanda ban taɓa jin ya yi ba, ya ce da Yaya sakarai, a gaban Inna da ƙannenmu mata. Yaya bai ce uffan ba. Aka je wurin maƙeri aka ƙero wani.

Bayan mako 2 Baba ya tafi Gusau sayar da banda, zai kwana can. Yaya ya tashe ni kafin asalatu ya ce mu je gurbin nan na gindin ɓaure. A hanya na ce ya ba ni wuƙarsa in fere rake da na tsinto, ya zaro ta daga ɗamararsa ya ba ni. Na gama na soke ta a ƙugun wandona, na manta ban mayar masa ba. Da muka isa na ga ya kwance igiya daga wuyan gora ya ɗaura a wuyan hannunsa na hagu. Na ce, "Yaya, Baba fa ya hana." Ya ce, "Yi shiru ka haska. Wanga ƙarhe ba shi ɓata ga hannuna."

Ba mu daɗe ba hasken ya kama bayan wani ramboshi, kansa kamar faifai. Yaya ya soka. Igiya ta fita daga ƙwarya da gudu, kafin in ƙifta ido ta ƙare. Gaɓar kuwa laka ce mai santsi. Fizga ɗaya ƙafarsa ta zame ya faɗa. Yaya gwanin iyo ne, don haka da farko ban ji tsoro ba, har na fara dariya. Ya ɓullo sau ɗaya ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya sake nutsewa. Kifin ya shige ƙarƙashin saiwoyi ya zagaye su da igiyar, ita kuma ta riƙe Yaya a inda bai fi kamu 2 ya kai ga iska ba. Na yi ta ihu, na sheƙa gari da gudu. Sai da rana ta ɓullo mutanen Sarkin Ruwa suka fito da shi, bayan sun yanke igiyar. Ina tsaye cikin jama'a na ji wani abu na tokare mini ciki, na shafa, sai na ji wuƙar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Daga ranar Baba bai sake taka bakin gulbi da niyyar su ba. Ya rabar da homa da birgi, ya tsaya kai da fata sai na yi karatun boko. Ni kuma na haɗiye zancen wuƙa, ban gaya wa kowa ba, shekara 15 cur. Sai a 2009, yana kwance cikin ciwon ajali, dare ya raba daga ni sai shi, na durƙusa gefen gadonsa na ce, "Baba, akwai abin da na ɓoye maku." Na kwashe duka na faɗa. Ya yi shiru har na zaci barci ya ɗauke shi, can sai ya ce, "Na sani. Na gane ta ga ƙugunka tun rannan. Kai yaro ne, kuma kwana ya ƙare. In akwai mai laihi ni ne, da niy yi mai hwaɗa kan ƙarhen da maƙeri ka ƙerawa yini guda. Na koya mai saki, ran da ya saki kuma na zage shi." Muka yi kuka tare, ya sa mini albarka.

To, ka ji abin da ya sa hannuna rawa a gindin dogonyaro. Bayan ranar na bi diddigin wannan bindiga, na karanta abin da na samu a kanta. Tun cikin shekarun 1930 masu nutso a gaɓar tekun Bahar Rum suka fara amfani da irinta. Yawancinta ba ta aiki da albarushi, roba ce mai kauri ake ja a maƙala a jikin mashin, kamar dai danƙon harbin tsuntsu, idan aka taɓa kunama sai ta cilla shi. Shi kuwa gargaren nan da na gani tamkar ƙwarƙwaron masaƙa ne, an naɗe masa siririyar igiya mai ƙarfi, mita 30 zuwa 50, wani ma ya fi haka. Yana da ɗan maɓalli da ake murzawa a tsaurara shi ko a sassauta. Idan aka sassauta da yawa igiya takan zubo ta cukurkuɗe, idan kuma aka tsaurara da yawa kifi ya fizge bindigar ko ya yage ya tafi da rauni. Amfaninsa shi ne, mai nutso da numfashin ƙirjinsa kaɗai yake aiki, minti 1 ko 2 ne gare shi a ƙasa, don haka idan kifi ya gudu ko ya shige kogon dutse, sai ya bar ƙwarƙwaro ya yi ta saki, shi ya hau ya numfasa, sannan ya dawo su ci gaba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gargaɗin da gwanayen abin ke yi wa sababbin shiga. Kada igiya ta naɗe maka hannu ko ƙafa. Idan ƙwarƙwaro ya cije ya ƙi juyawa, saki bindigar komai tsadarta. Kada ka shiga ruwa ba wuƙa a jikinka inda hannu zai kai gare ta nan take. Kada ka yi nutso kai kaɗai. Idan kuwa babban kifi ake nema, da yawansu sukan ajiye ƙwarƙwaro su ɗaura igiya a wani balambalan mai iyo a saman ruwa, wanda ba wani abu ba ne illa ɗan goran Baba da aka yi da roba. Haka ma Sarkawan Kwara masu farautar dorina, waɗanda Bafaranshen nan Jan Rush ya ɗauka a fim a farkon shekarun 1950, mashinsu na da igiya da abin iyo. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, ruwa ya koya masu darasi guda, kuma na tabbata kowannensu da gawa ya biya kuɗin karatun. Hausawa sun gama magana da suka ce iya ruwa fid da kai.

Kashegari yaron nan ya dawo ya ce ya yi magana da wani mai walda, za a haɗa masa irinta ya gwada a madatsar Gusau. Na zaunar da shi na nuna masa cewa ruwanmu ba irin na teku ba ne, da damina ja ne, da rani kore, ko tafin hannunka ba ka gani a ciki, balle ka auna kifi. Na ga bai gamsu ba, sai na ba shi labarin Yaya, wanda ban taɓa ba wani ɗalibi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce ai kakansa ma masunci ne, yana nan da rai, sun baro ƙauyensu saboda 'yan bindiga. Na ce to ga aikin gida: ka je ka durƙusa gabansa ya lissafa maka kayan su da sunayen kifaye, da yadda ake amfani da kowanne. Bayan mako guda ya kawo mini shafi 4, ciki har da kalmomi 3 da ni kaina ban taɓa ji ba. Ya ce tsohon bai bar shi ya tashi ba sai bayan isha'i.

'Yan'uwana marubuta, musamman masu tasowa, wannan shi ya sa na ɗauki alƙalami. Bikin Argungu da aka fara a 1934 ya tsare mana homa da gora, duniya na zuwa kallo. Amma hargi da igiyarsa ba su da biki, kuma tun da rashin tsaro ya raba mutanen ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da fita cikin dare, masu saninsu suna ƙarewa a ɗakunan haya a cikin birni, ba mai tambayarsu. Ku je ku tambaye su tun suna iya amsawa, ku rubuta da bakinsu.

Ƙarfen da aka ciro daga ramboshin nan yana cikin akwatina, da guntuwar igiya a jikinsa. Kwanan baya ɗana, wanda ya kai shekarun da nake da su a waccan asubar, ya gan shi ya tambaye ni mene ne. Na ce ya bari sai Juma'a. Da muka sauko daga masallaci na sayi igiya gaba 12, na ari ƙwarya wurin mahaifiyarsa, muka zauna tsakar gida ina nuna masa naɗi, zobe a kan zobe. Ya ruɗe sau 3, ban ɗaga masa murya ba. Allah Ya jiƙan Yaya da Baba, Ya sa ruwan nan ya zame masa shahada, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.