Tsumman Gidanmu

A gidanmu da ke Takur akwai wani aiki da ba a taɓa rubuta shi ba, amma kowa ya san ranarsa. Da an dawo daga sallar asuba, wanda layi ya zo kansa zai ɗauko tsohuwar singiletin Baba daga kan igiya, ya kakkaɗe motar, sannan ya goge ta tun daga bonet har but. Mu huɗu ne, maza uku da mace ɗaya. Ko Auta da hannunta bai kai rufin motar ba tana da nata kason, ƙofofi da fitilu. Ba ruwa, ba sabulu. Ruwa sai ranar Asabar, ranar da ake kai ta wurin wanki a zuba mata kumfa, a share cikinta, a shafa wa tayoyi mai.

Baba yana cikin ma'aikatan da suka taso daga Kano zuwa Dutse bayan an ƙirƙiri Jihar Jigawa a watan Agusta na 1991. Ya daɗe yana hawan babur kafin Allah ya hore masa mota a 2014, wata baƙar Corolla 'yar Kwatano, wadda ya haɗa bashin ofis da kuɗin adashin Mama ya saya. Yakan ce ana gane ma'aikaci da abu biyu, takalminsa da motarsa. A wurinsa, ya shiga sakatariya da mota buɗu-buɗu daidai yake da ya shiga ofis da riga ba guga.

Duk wanda ya zauna a Dutse ya san wannan buri ne mai wuya. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris hazo yakan sauka har duwatsun da suka kewaye gari su ɓace wa ido. Yawancin wannan ƙura ba tamu ba ce. Iskar hunturu ce ke kwaso ta daga arewa maso gabas, musamman daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, inda wani makeken tafki ya ƙafe tun dubban shekaru. Ga kuma tamu ta gida: jar ƙasar lungunan da kwalta ba ta kai ba, da wadda manyan motoci ke tayarwa a hanyar Kiyawa ranar kasuwar Shuwarin. Motar da aka wanke da hantsi, kafin la'asar yaran unguwa sun samu allo, sun rubuta “a wanke ni” a gilashin baya. Baƙar mota kuwa ba ta iya ɓoye komai. Shi ya sa tsumma ya zama farilla a gidanmu.

Wata rana da daddare, muna kan layi a gidan mai, hasken fitila ya sauka a kan bonet. Sai Yaya ya ga wasu siraran zane-zane zagaye-zagaye kamar saƙar gizo, sun mamaye ko'ina. Ko shawara ba mu yi ba, muka yanke hukunci: yaron da ke wanke ta ne. Ranar Asabar muka je mu biyu. Yaya ya yi ta faɗa a gaban mutane, yana cewa an ba su amana sun lalata. Yaron, wanda ba zai wuce shekara goma sha takwas ba, ya tsaya da soso a hannu ya ce, “Yallaɓai, ni wallahi da ruwa nake farawa. Ko dai a gida kuna goge ta a bushe?” Muka ɗauki wannan a matsayin rashin kunya. Mai wurin ya ba mu haƙuri, ya ce zai ɗauki mataki. Muka sauya wurin wanki, muka ci gaba da tsummanmu. Duk jajiberin sallah kuma sai a kai ta a goga mata folish da inji, ta dawo tana ɗaukar ido, bayan wata biyu saƙar gizon ta dawo.

A 2023 abubuwa biyu suka haɗu. Aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu, motar ta koma kwana da wuni ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, domin fanshon Baba ba ya iya shayar da ita. Sannan likitoci suka ce sai an yi wa Mama tiyata a Kano. A gidan ɗan fansho, mota ita ce asusu. Baba ya ce a kira dillali.

Mutumin ya zo da azahar. Ya saurari inji ya gyaɗa kai, ya leƙa ƙarƙashi ya gyaɗa kai. Sai ya ce a fito da ita rana. Ya zagaya ta a hankali, ya durƙusa yana kallon jikinta ta gefe, ya shafa rufin da ya fara yin fari-fari kamar an barbaɗa toka. Ya nuna wasu tabo a kan bonet da but, sawun kashin tsuntsu, waɗanda wanki ya kasa fitarwa. “Alhaji,” in ji shi, “injinka lafiya lau. Amma mai saye da ido yake fara saye.” Tayin da ya yi bai kai inda muka sa rai ba ko kusa. Baba ya ce albarka.

Washegari muka kai ta wurin wani dattijo mai fenti, ko za a iya yi mata wani abu kafin a sayar. Bai yi mana dogon bincike ba. Ya dangwali ƙurar da ke kan but, ya murza a tsakanin yatsunsa, ya ce mu ma mu murza. Muka ji gurzar yashi.

Ya ce fentin motar yanzu hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, sai launi, sai wani rufi garai-garai a sama. Wannan rufin shi ne mai sheƙi, shi ne kuma mai tare rana. Daga baya muka karanta cewa kaurinsa yawanci bai kai na silin gashin kai ba, kuma dukan fentin gaba ɗaya bai fi kaurin takarda ɗaya da wani abu ba. A cikin ƙura kuwa akwai ƙwayoyin yashi da suka fi wannan rufi tauri nesa ba kusa ba, har gilashi suna iya karcewa. “Ƙura in tana zaune ba ta cin fenti,” in ji dattijon. “Sai an danna ta an ja. Busasshen tsumma a kan ƙura samfefa ce, ɗana.” Ya ce folish ɗin da muke yi duk sallah ba cike karcen yake yi ba, kankare rufin yake yi har ya daidaita da zurfin karcen. A kan rufin motarmu da bonet kusan babu sauran abin kankarewa. In kuma ya sake mata fenti, mai saye zai zargi haɗari ta yi, kuɗin ya ƙara faɗuwa.

Muka tsaya shiru. Shekara tara, kullum da asuba, mu huɗu muna karɓa-karɓa. Babu wanda ya kula da mota a layinmu kamar mu, kuma babu wanda ya cutar da tasa kamar mu. Maƙwabcinmu da muke yi wa dariya don yakan bar tasa ta yi sati da ƙura, fentinsa ya fi namu lafiya. Bayan kwana uku Baba ya sallama a kan abin da dillalin ya taya da ɗan ƙari. Ragowar kuɗin tiyatar sai da Mama ta sayar da 'yan kunnenta. An yi aiki lafiya, alhamdu lillahi, amma har yau ba a mayar mata da su ba.

Bara Yaya ya sayi tasa motar, ruwan azurfa, launin da ke haƙuri da ƙura. Tana kwana a gidanmu, kuma dokar ta sauya. Babu mai taɓa jikinta a bushe. In ƙura ta hau, gilashi da madubi da fitilu kawai ake wankewa da ruwa, don direba ya gani a kuma gan shi. Sauran jikin ya jira. In jiran ya gagara a tsakiyar mako, jarka ɗaya ta 'yan ga-ruwa ta isa. Ana fara kwarara ruwa daga sama da buta, ba tare da an sa hannu ba, har ya tafi da yawancin yashin. Sannan bokiti biyu: ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye tawul kafin a mayar da shi cikin kumfar, don kada yashin da aka kwaso ya koma jikin mota. Ana bi daga sama zuwa ƙasa, a miƙe, ba a dannawa. Tayoyi da gindin ƙofofi suna da nasu tsumman daban. Tawul ɗin da ya faɗi ƙasa ya gama aikinsa na ranar.

Mun kuma daina wanki a rana. Ruwan burtsatse yana da gishirin ƙasa a ciki, in ya bushe a kan ƙarfe mai zafi sai ya bar ɗigo-ɗigon fari mai wuyar fita. Don haka sai da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa, a tsane ruwan da tawul mai laushi. Garin sabulun wankin kaya ya koma wurin kaya, domin yana wanke man kariyar da aka shafa wa fenti. Tamfol ɗin rufa mota kuwa sai a kan mota mai tsabta, domin in akwai ƙura a ƙarƙashinsa, iska za ta kwana tana yi mana irin aikin singiletin Baba.

Abu ɗaya ne ba ya jira: kashin tsuntsu da 'ya'yan dalbejiya da suka fashe. Kashin tsuntsu yana da sinadari mai ci, zafin bazarar Dutse kuma yana taimaka masa ya zauna a cikin fenti cikin yini guda. Shi ma ba a kankarewa. A jiƙa ƙyalle a ɗora a kai na 'yan mintuna, in ya yi laushi a ɗauke. Akwai gorar ruwa da ƙaramin tawul a but saboda wannan kaɗai.

Yaron nan mai wanki mun neme shi. Ashe tun a makon da muka yi masa faɗa aka sallame shi, ya yi watanni ba aiki. Yanzu yana da ɗan wurinsa a bakin titi, da injin fesa ruwa da yara biyu a ƙarƙashinsa. Yaya ya fito daga mota ya ce, “Malam, haƙuri muka zo ba ka. Ranar nan kai ne mai gaskiya.” Ya ɗan jima yana kallonmu kafin ya tuna. Ya yi murmushi ya ce, “Ba komai, Yallaɓai, ya wuce.” Ba mu san ko ya wuce ɗin ba. Wurinsa dai muke kai motar duk Asabar ta biyu.

Baba ne har yanzu abin bai kwanta masa ba. Da hunturun nan, wata Laraba, muka fito muka same shi tsaye a gefen motar Yaya, ƙura ta yi mata lulluɓi, wani yaro ya zana mata fuska a ƙofa. Hannunsa ɗaya yana cikin aljihu, ɗayan yana riƙe da hankici.

“Haka za ka fita da ita cikin mutane?” ya tambayi Yaya.

“Haka, Baba. Sai Asabar in sha Allah.”

Ya daɗe yana kallon motar. Daga nan ya ninke hankicin ya mayar aljihu, ya ce wa Auta ta kawo buta a wanke gilashin.