Sarki ba ya hawa shi kaɗai

Kartar da muka tashi da ita a Katsina Whot ce, inda lamba 2 ba ta sauya daraja a hannun kowa: ka jefa, na gaba ya ɗauki biyu. Da wannan idon na kalli Magic: The Gathering, wasan Richard Garfield da ya fito a Amurka a 1993, ranar da ƙanena ya koya mini a ƙofar gidanmu da ke Ƙofar Ƙaura. A wasan, kowa shi ke zaɓo kartocinsa, aƙalla 60.

Ya nuna mini Goblin King: farashi 3, bugu 2, juriya 2. Na ce asara ce, tunda Grizzly Bears na da wannan ƙarfin a farashi 2.

"Yaya, dakata ka gani," in ji shi.

Ya jera ƙananan goblin huɗu, sannan ya ajiye sarkinsu. Nan take kowannensu ya ƙaru da 1 a bugu da juriya, na sha kaye. Ashe ba ita kaɗai ake aunawa ba. Sai an ƙirga 'yan jinsinta nawa ne cikin 60 ɗin.

Abin ya tsaya mini a rai, domin a makon na rubuta shawarar a sallami mai tace mana labarai, wai ba ya kawo rahoto. Washegari na kwatanta rubutun wakilanmu huɗu kafin ya taɓa shi da bayan ya taɓa. Kafin azahar na janye takardar.