Hasken da Ke Kwana a Fuskar Agogo

Kafin agogo ya iso karkararmu, dare yana da nasa alamomin. Mutanen Ajekoriya, kamar sauran manoma da makiyayan ƙasar Dakoro, suna duban Kaza da ƴaƴanta su san inda dare ya kai, suna jiran fitowar Gamzaki da carar zakara su san asuba ta gabato. Kalmar agogo kanta baƙuwa ce, daga Yarbanci muka aro ta, inda take nufin ƙararrawa, wato abin da kunne ke ji. Bafaranshe kuwa ya kira na hannu da montre, daga aikatau mai ma'anar nunawa, wato abin da ido ke gani. To amma abin da ido ke gani ba ya da amfani a cikin duhu, kuma neman maganin wannan ƙaramar matsala ya ɗauki kusan shekara ɗari, har ya ci rayuka.

Agogon hannu ya shigo garinmu a hannun alhazai da ƴan cin rani masu komowa daga Kano da Legas da Abijan. Wanda ya fi suna shi ne Seiko 5, wanda Japan ta fara fitarwa a 1963, ba ya son batir, motsin hannun mai shi ne abincinsa. Wan mahaifina yana da irinsa. A watan azumi yakan ajiye shi dab da fitilar ƙwai kafin ya kwanta, domin in ya farka tsakar dare hannuwan agogon su nuna masa ko lokacin sahur ya yi. Mu yara muna jin tsoron wannan koren haske, shi kuwa cewa yake yi agogon ya sha fitila ne, yanzu yana mayarwa. Da na yi karatu sai na tarar bayaninsa bai yi nisa da na masana ba.

Labarin ya faro ne a 1898, lokacin da Marie Curie da mijinta Pierre suka gano sinadarin radiyom a cikin duwatsun uraniyom a birnin Paris. An lura cewa in aka gauraya ɗan kaɗan daga cikinsa da wani gari mai ƙyalli, fentin zai yi ta haske dare da rana ba tare da ya sha wata fitila ba. Yaƙin Duniya na Farko ya buɗe masa kasuwa, domin soja a cikin rami yana bukatar sanin lokaci ba tare da ya kunna ashana ba. A garin Orange na jihar New Jersey a Amurka, daga 1917, aka ɗauki ƴan mata aikin shafa wannan fenti a fuskokin agogo, aka koya musu su riƙa daidaita tsinin burushi da leɓensu. Radiyom ya bi jini ya zauna a ƙashi, haƙora suka zube, muƙamuƙai suka ruɓe. A 1927 Grace Fryer da abokan aikinta huɗu suka kai kamfanin ƙara, a 1928 aka sasanta a kan dala 10,000 ga kowace, da dala 600 duk shekara. Da yawa daga cikin ma'aikatan ba su ga tsufa ba. A ƙasar Suwis ma, uwar sana'ar agogo, sai daga 2015 hukuma ta shiga bin tsofaffin gidajen da aka yi wannan aiki tana kwashe gurɓataccen abu, domin radiyom yana ɗaukar shekara 1,600 kafin rabinsa ya lalace.

Daga shekarun 1960 aka koma ga tiritiyom, wanda cutarsa ba ta kai ta radiyom ba, sai dai haskensa yana raguwa da rabi bayan kimanin shekara 12. Mafita ta gaskiya ta zo a 1993, sa'ad da kamfanin Nemoto na Japan ya fito da wani gari marar guba da ya sa wa suna LumiNova. Aikinsa irin na randa ne: yana shan hasken rana ko na fitila ya ajiye, sannan ya riƙa sakinsa sannu a hankali har tsawon sa'o'i. Irin wanda ake yi a Suwis, mai suna Super-LumiNova, shi ne a kan mafi yawan manyan agogunan yau.

Da haɗari ya kau, sai haske ya tashi daga bukata ya koma ado. A 2010 kamfanin A. Lange & Söhne na Jamus ya fitar da agogon Zeitwerk mai fuskar gilashi mai duhu-duhu, domin lambobin da ke ɓoye a ƙarƙashi su sha haske tun kafin layinsu ya zo; guda 100 kacal aka ƙera. A 2016 kamfanin MB&F na birnin Janeba ya haɗa kai da wani mai zane, James Thompson, wanda ake kira Black Badger, suka sassaƙa dunƙulen abu mai haske suka dasa a cikin injin agogon HMX, launi uku, kowane launi guda 18. Kuɗin ɗaya daga cikin irin waɗannan ya isa a gina azuzuwa da dama na siminti. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne masu sayensu suna zaune a biranen da dare bai san duhu ba. Sai mutum ya kashe fitilun ɗakinsa da gangan kafin ya ga abin da ya biya. Duhun da suke ƙirƙira na minti biyar, mu kyauta muke samunsa daga magariba zuwa asuba.

Ba radiyom ɗin Nijar aka shafa wa agogunan wancan zamani ba, don kuwa SOMAÏR ba ta fara haƙo uraniyom a Arlit ba sai 1971, COMINAK kuma a 1978. Amma duk inda uraniyom yake radiyom na tare da shi, kuma in an tace na farkon, na biyun yana zama a cikin tarkace. Da COMINAK ta rufe a watan Maris na 2021, miliyoyin ton na wannan tarkace suna jibge kusa da garin Akokan. A wannan shekarar kuwa, ƴan Nijar da ke da wutar lantarki ba su wuce mutum ɗaya cikin biyar ba, a karkara abin ya fi haka muni. Ɗalibaina da yawa da hasken tocila ko na wayar salula suke bitar darasi, in caji ya ƙare karatu ya ƙare. Idan na karanta labarin ƴan matan Orange, ba na iya raba shi da wannan: a wuri ɗaya ake shan wahalar haske, a wani wurin ake morarsa.

Duk da haka, mai karatu, ba na cikin masu zagin gwaninta. Wanda ya taɓa zama kusa da maƙerin azurfa na Agadas, ko mai ɗinkin aska takwas da ke kwashe watanni a kan riga ɗaya, ya san ɗan Adam ba ya tsayawa a kan abin da ya wajaba kaɗai. Maƙerin da ke haɗa ɗaruruwan ƙananan ƙarafa su buga daidai ɗan'uwansu ne, kuma ina girmama hannunsa. Tambayata ita ce ina ake kai ilimin bayan an gama ƙawa da shi.

Garin nan da ke kan agogon attajiri, irinsa ne ake shafawa a ƙasan jiragen sama da matakalan manyan gidaje don nuna hanyar fita in wuta ta ɗauke. Ba ya son batir, ba ya son waya, rana kawai yake bukata, ita kuwa ba mu taɓa rasa ta ba. Ba zai isa a yi karatu da shi ba, haskensa ya yi kaɗan. Amma zai iya nuna bakin rijiya ga makiyayin da ya zo ban ruwa kafin gari ya waye, ya nuna ƙofar ɗakin shan magani ga masu kawo mai naƙuda a amalanke tsakar dare, ya nuna bayan amalanken ga direban da ke tafe a hanyar Dakoro zuwa Maraɗi. Wannan aiki ne da ƴan makarantun koyon sana'a za su iya gwadawa da gwangwanin fenti ɗaya, in aka sami magajin garin da zai saya musu shi.