Malam-buɗe-littafi mai riga biyu, ta damina da ta rani

Magabatan da suka raɗa wa wannan ƙwaro suna malam-buɗe-littafi sun yi hangen nesa, domin a fukafukansa akwai rubutun da masana suka shafe fiye da ƙarni guda suna ƙoƙarin karantawa. A matsayina na mai koyar da ilimin halittu, shafin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na sauyin launi, wato yadda iri ɗaya kan fito da wata riga da damina, ya fito da wata dabam da rani.

Wannan al'amari ya ruɗi manya. A shekarar 1758, Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin, wanda ya shimfiɗa tsarin sanya wa halittu suna, ya ga wani malam-buɗe-littafi na Turai mai ruwan lemo da ɗigon baƙi, ya ga wani baƙi mai farin zane, sai ya ba su suna biyu. Daga baya aka gane uwa ce da 'ya'yanta, Araschnia levana, kuma tsawon yinin da tsutsar ta tarar shi ke zaɓa mata riga.

To, ta yaya labarin yanayi ke isa ga fiffike? Ta hanyar ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar tsutsa, duk da ƙanƙantarta, tana lura da zafi da tsawon yini. Tana sakin sinadarin homon da ake kira PTTH, shi kuma ya zaburar da wani ɗan ƙullutu a ƙirjin tsutsar ya fitar da homon na biyu mai suna ekdison. Lokacin da ekdison ya kwarara cikin jiki, da yawansa, su ke faɗa wa fiffiken da ke tsirowa launin da zai ɗauka. A Japan kuwa, tun shekarun 1960 masana suka nuna cewa a irin Polygonia c-aureum ƙwaƙwalwa ce ke samar da homon ɗin da ke fito da launin lokacin zafi; idan aka cire ta da wuri, launin lokacin sanyi ke fitowa.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Bicyclus anynana na gabashin Afirka. A 1988 aka kai wasu daga Nkhata Bay ta Malawi zuwa Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, inda Paul Brakefield ya yi shekaru yana nazarinsu. Tsutsar da aka rena a zafin digiri 27 takan fito da manyan zane masu kama da idanu a ƙasan fiffike. 'Yar'uwarta da aka rena a digiri 19 takan fito ruwan ƙasa, idanun sun ƙanƙance, kamar busasshen ganye. Idan aka yi wa ta sanyi allurar ekdison a kan kari, sai ta karkata ga rigar damina.

Kowace riga da ranarta. Da damina, ƙoƙi-ƙoƙi kan kai bara ga idanun bogin da ke gefen fiffike, ƙwaron ya tsira da yagaggiyar riga. Da rani, lokacin da ciyawa ta bushe, tsira tana ga ɓuya, domin mai manyan idanu a kan busassun ganye ya tallata kansa ga tsuntsaye. Har ɗabi'a takan sauya: da damina namiji ke neman mace, da rani mace ma takan nemi namiji.

Abin da ke hana ni sakat shi ne cewa tsutsa tana yanke hukunci ne tun kafin yanayin ya zo. A Malawi zafi na tafiya tare da ruwa, sanyi na tafiya tare da fari, don haka zafi amintaccen manzo ne. A ƙasar Hausa kuwa, watannin Maris da Afrilu sun fi kowane lokaci zafi alhali ƙasa a bushe take. Tsutsar da ta dogara da zafi kaɗai a nan za ta sanya rigar damina a tsakiyar bazara. Amma muna da irinsu, kamar Melanitis leda mai fitowa da magariba, wanda tsutsarsa ke cin ganyen shinkafa, shi ma da riga biyu. Ga kuma damina da ke rikita manomi a 'yan shekarun nan. Idan alama ta daina faɗin gaskiya, ƙwaro ma zai shiga uku.

Nijeriya na da ire-iren malam-buɗe-littafi fiye da 1,000, amma mafi yawan abin da nake koyarwa a kansu daga Leiden da Singafo aka rubuto shi. Duk lokacin da na kawo wannan batu a aji, akwai ɗalibin da zai tambayi amfaninsa. Amsata ita ce, wanda ya san abin da ke sarrafa girman tsutsa ya kama hanyar fahimtar tsutsar da ke cinye masara, domin homon ɗin ɗaya ne, har an ƙera magungunan ƙwari masu kwaikwayon ekdison.

Matakin farko bai buƙatar miliyoyi. Raga, ma'aunin zafi, waya mai kyamara da littafin rubutu sun isa ɗalibi ya bi fadama ɗaya wata 12, yana rubuta ranar da kowace riga ta bayyana. Ina roƙon abokan aikina su ba ɗaliban ajin ƙarshe wannan aiki tun daga daminar bana. Allah Ya sa mu dace.